Yadda Ake Sarrafa Garin Fudin Na Nan-Take A Kayan Zaƙi Da Kek

A manyan shagunan zamani da wuraren sayar da kayan haɗa kek, akan ga wani ƙaramin kwali mai hoton kirim mai santsi a cikin kofi, wanda mutane da yawa ke ɗauka wani nau'in kastad ne, su kai shi gida su dama da tafasasshen ruwa, daga bisani su ce kayan ba su da kyau. Garin fudin na nan-take ke nan, kuma sunan da ya fi shahara a kansa shi ne Jell-O na Amurka. Yana kama da kastad a ido da ƙamshi, amma hanyar aikinsu ta sha bamban, kuma duk wanda ya fahimci abin da ke cikin kwalin zai iya sarrafa shi ta hanyoyi da dama ba tare da ya yi asarar madara da kuɗi ba.

Kastad ɗin da muka saba da shi ya samo asali ne daga Ingila, inda wani mai haɗa magunguna a birnin Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai. Ɗanyen sitacin masara ne da aka sa wa launi da ƙamshi, shi ya sa ba ya yin kauri sai ya ji zafi sosai, kamar yadda gasara ba ta zama koko sai an sheƙa mata tafasasshen ruwa. Shi kuwa garin nan-take, wanda ya bazu a kasuwannin Amurka a shekarun 1950, an riga an dafa sitacinsa tun a masana'anta, aka busar da shi aka mayar da shi gari, don haka da zarar ya haɗu da ruwa, ko da na ƙanƙara ne, sai ya sha ya kumbura. Ban da sitacin, akwai wasu gishirin fosfet iri biyu a ciki waɗanda ke aiki da sinadarin kalsiyam da furotin ɗin madarar shanu, su sa madarar ta kama jikinta cikin 'yan mintoci. Sauran abin da ke kwalin, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa, sukari ne, sai ɗan gishiri da launi da ƙamshi. Wannan bayani shi ne tushen komai: sitacin na aiki da kowane irin ruwa, gishirin fosfet kuwa sai da madarar shanu mai sanyi.

Kafin a biya kuɗi, a duba kwalin da kyau. Kamfani ɗaya kan yi iri biyu masu hoto kusan ɗaya, wani an rubuta Instant a jikinsa, wani kuma Cook & Serve, kuma na biyun sai an ɗora shi a wuta. Ba a musanya ɗaya da ɗaya a girkin da aka tsara don guda. Ƙaramin kwalin na banila yakan zo da giram 96, babban kuma giram 144, kuma idan aka ce "kwali ɗaya" a yawancin girke-girken Amurkawa ƙaramin ake nufi. Shi ne kuma ma'aunin da zan bi a nan. Akwai wanda ba sukari a ciki, wanda nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na mai sukarin ba, yana yin kyau idan za a sha da madara, amma ba na ba da shawarar a sa shi a kek, domin sukarin da aka cire yana cikin abin da ke ba kek laushi. A Birtaniya akwai ɗan'uwansa mai suna Angel Delight, wanda kamfanin Bird's ya fitar a 1967, sai dai shi ya fi kumfa da sauƙi a baki. Masu gidajen burodi kuma na sayen irinsa a buhu, wanda ake damawa da ruwan sanyi don cika cikin kek da donot.

Ga Musulmi akwai abin lura guda. Sunan Jell-O ya fi shahara ne da wani kayan zaƙin daban mai rawa kamar tsoka, wanda ake yi da jelatin, shi kuma jelatin sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Garin fudin na nan-take da sitaci yake kauri, yawanci babu jelatin a cikinsa, amma hakan ba zai hana a karanta jerin abubuwan da aka rubuta a bayan kwali ba, kuma idan da tambarin halal hankali ya fi kwanciya. Masu ciwon sukari su tuna da yawan sukarin da ke ciki, masu ciwon ƙoda kuma da likita ya taƙaita musu fosfet su tuntuɓe shi kafin su sha.

Damawa ta asali

A zuba madara mai sanyi mililita 475, wato kofin awo biyu, a cikin kwano mai zurfi, sannan a barbaɗa garin a kai ana bugawa da abin kaɗa ƙwai ko maburgi mai tsabta. Madara ce ke fara shiga kwano, gari ya biyo baya, domin idan aka zuba madara a kan tulin gari, na waje zai sha ruwa ya kumbura ya rufe na ciki, gudaji su fito waɗanda ba sa fashewa komai bugu. A yi ta bugawa ba tsayawa har minti biyu cur. A minti na farko zai zama kamar ba abin da ke faruwa, ruwa-ruwa yake, amma kafin na biyu ya cika za a ga sawun maburgin ya fara tsayawa a saman haɗin na ɗan lokaci kafin ya ɓace, kuma wannan ce alamar a dakata. Nan take a juye a ƙananan kofuna tun yana zubuwa, a bar shi minti biyar ya kama, ko da yake rabin awa a firij na ƙara masa daɗi da jiki. Kada a koma ana juya shi bayan ya kama, kuma kada a daɗe ana bugawa da miksa mai ƙarfi, domin abin da fosfet ya ɗaure idan aka tsinka shi ba ya komawa yadda yake.

Batun madara ya cancanci a tsaya a kansa, tunda yawancin gidajenmu madarar gari ko ta gwangwani ake amfani da ita. Dukansu suna yi. Idan ta gari ce, a dama giram 60, kimanin cokalin cin abinci takwas a shafe, cikin ruwa mililita 430, a tabbatar ta narke sarai, sannan a sa a firij ta yi sanyi sosai kafin a kawo garin fudin kusa da ita. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa garin madara da garin fudin wuri guda a zuba musu ruwa, alhali madarar na buƙatar lokaci ta narke, shi kuwa sitacin ba ya jira. Madarar ruwa ta gwangwani a surka ta rabi madara rabi ruwan sanyi. Ɗanyar madarar shanu dole a tafasa ta tukuna, a bar ta ta huce, a sanyaya. Madarar waken suya ko ta kwakwa ko kunun aya ba su da irin furotin ɗin da fosfet ke kamawa, saboda haka sitacin kaɗai ne zai yi aiki, haɗin ya fito da ruwa. Wanda ba ya shan madarar shanu sai ya rage ruwan zuwa mililita 300 ko ƙasa da haka, zai samu abu mai kauri daidai gwargwado, amma ba mai tsayawa a cokali ba.

Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki: a yi fudin mai kyau, a ɗanɗana, a mayar da cokalin ciki, da safe a tarar ya tsinke ya zama ruwa. Miyau na ɗauke da sinadarin da ke narkar da sitaci, kuma ɗan kaɗan ya isa ya lalata kwano guda. Cokalin ɗanɗano daban, na juyawa daban, kuma idan yara za su sha a ɗibar wa kowa nasa. Ɗanyar zuma ma tana da irin wannan sinadari, don haka a kwarara ta a kai lokacin sha kawai. Ɗanyar abarba da gwanda kuwa furotin ɗin madara suke farfasawa, su sa ta yi ɗaci idan sun jima tare. Abarbar gwangwani ko wadda aka ɗan dafa ba ta da wannan matsala.

Kayan zaƙi masu sanyi

A ganina, fudin shi kaɗai a kofi shi ne mafi ƙarancin amfanin wannan gari, domin zaƙinsa ya yi yawa kuma ƙamshinsa na kwali ne. Darajarsa na fitowa ne idan aka haɗa shi da wani abu. Misali mafi kyau shi ne fudin ɗin ayaba, wanda ya shahara a jihohin kudancin Amurka, inda ba a cika yin taron dangi babu shi ba. A dama kwali ɗaya na banila kamar yadda aka bayyana, a buga kirim, wato ruwan man madara mai kauri da ke yin kumfa idan an buga shi, mililita 240 har ya tashi ya tsaya, sannan a haɗa su a hankali ana ɗagowa daga ƙasa zuwa sama da faffaɗan cokali don kada iskar kirim ɗin ta fice. A samu kwanon gilashi, a shafa haɗin kaɗan a ƙasa, a jera biskit, a jera yankakkiyar ayaba, a rufe da haɗin, a maimaita har sau uku. Ayaba huɗu da biskit giram 200 sun isa. Amurkawa da wani ƙaramin biskit mai ƙamshin banila suke yi, amma duk busasshen biskit mara kirim a tsakiya zai yi. Sirrin yana ga jira: awa huɗu a firij aƙalla, lokacin da biskit ɗin zai sha danshi ya yi laushi har cokali ya ratsa shi ba tare da ya narke ya zama kwaɓi ba. A zaɓi ayabar da ta nuna amma ba ta lugwigwita ba, a tabbatar haɗin ya rufe kowane yanki domin iska ce ke baƙanta ta, kuma a cinye cikin kwana guda. Wanda ya sa mangwaro ko dabino mai laushi a madadin ayaba ba zai yi da-na-sani ba, sai dai da dabino ya kamata a ƙara yawan kirim mara sukari don zaƙin ya sassauta.

Idan ana son abin da za a yanka da wuƙa, sai a rage madara. A daka biskit giram 200, a cuɗa da narkakkiyar bota giram 90, a danne a ƙasan faranti mai ɗan zurfi da gindin kofi, a sanyaya. A dama kwali biyu da madara mililita 650 kacal, a juye a kai da sauri domin wannan yana kamawa tun kafin minti biyun su cika, a bar shi awa uku a firij. Na cakulan da na lemon tsami sun fi dacewa da wannan.

Amurkawa na da wani haɗi kore da suke yi da fudin ɗin fistashiyo, wata koriyar ƙwaya mai kama da gyaɗa, da abarbar gwangwani da ruwanta da kirim, ba tare da madara ba, inda sitacin ke shanye ruwan abarbar. Suna sa masa alewar mashmalo, ita kuma yawanci da jelatin ake yin ta, don haka a bar ta ko a nemi ta halal. Ana kuma iya zuba damammen fudin a ƙananan leda ko kofuna a daskarar don yara, yana fitowa da laushi ba ƙanƙara tsagwaro ba, amma a sha shi a daskare, domin idan ya narke ruwa ne ke warewa gefe.

Ga masu sana'ar kek, wataƙila babban alherin wannan gari shi ne yadda yake riƙe kirim. Bugaggen kirim na gaske yakan fara zubar da ruwa ya kwanta bayan 'yan awoyi, amma idan aka sa cokalin cin abinci ɗaya ko biyu na busasshen garin fudin a kowane mililita 240 na kirim mai sanyi tun farkon bugu, sitacin zai kama ruwan, adon da aka matsa a kan kek ya tsaya da kaifinsa har washegari a firij. A rage sukarin da aka saba sawa, kuma a sa ido, domin yana tashi da wuri fiye da yadda aka saba, kuma daƙiƙa kaɗan ke tsakanin kirim mai santsi da wanda ya fara komawa bota. Don cika cikin donot ko tsakanin hawa biyu na kek, a dama kwali ɗaya da madara mililita 300, a haɗa da bugaggen kirim rabin kofi. Kada a cika donot yana da zafi. Haka kuma wannan ba kayan talla ba ne da za su yini a tire cikin rana: abu ne na madara da ba ta hau wuta ba bayan haɗi, bai kamata ya wuce awa biyu a waje da firij ba, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce. Wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki ya yi daidai abin da za a cinye a zama ɗaya.

A cikin kek da kukis

A nan ba a dama garin da madara. Busasshensa ake tankaɗewa tare da fulawa. Abin da yake yi abu uku ne. Sitacinsa na kama ruwa ya riƙe shi har bayan gashi, shi ya sa kek ɗin ke kwana biyu ko uku bai bushe ba. Yana kuma raba ruwan da fulawa, sai danƙon fulawar ya ragu, cikin kek ɗin ya yi laushi da ƙananan idanu. Na uku, sukarinsa da ƙamshinsa na ƙaruwa a kan na asali. Wannan dabara ta yi farin jini a Amurka har ta kai, a shekarun 1970, kamfanonin da ke sayar da haɗaɗɗen garin kek suka fara zuba fudin a cikin garin tun daga masana'anta. Idan aka sayi irin wannan, wanda akan rubuta hakan a gaban kwalinsa, ba sai an ƙara wani ba, domin idan ya yi yawa kek ɗin kan yi nauyi ya danƙare a ƙasa.

Ga haɗi daga tushe. A buga bota giram 200 da sukari giram 170 har su yi fari su tashi, a fasa ƙwai huɗu ɗaya bayan ɗaya ana bugawa. A gefe a tankaɗe fulawa giram 250 da garin fudin kwali ɗaya da bekin foda cokalin shayi biyu da rabi. A riƙa zuba garin da madara mililita 200 bi da bi, a fara da gari a ƙare da gari, a daina juyawa da zarar farin fulawa ya ɓace. Kwaɓin zai fi na kullum kauri, kuma zai ci gaba da ƙara kauri muddin yana ajiye, don haka a kunna oben a shafa wa gwangwani mai tun kafin a fara haɗi. A gasa a digiri 175 na minti 45 zuwa 55, a soka tsinken sakace a tsakiya, idan ya fito da ɗan ɓurɓushi mai danshi amma ba kwaɓi ba, ya yi. Wadda ke son ta sa garin a girkinta na da, ta rage sukari kimanin giram 60, ta ƙara madara cokali huɗu, ta kuma rage gishiri, tunda akwai shi a kwalin. Masu gashi a tukunya da yashi su rage wuta fiye da yadda suka saba, domin irin wannan kek yakan yi ja a waje da wuri alhali cikinsa na buƙatar ƙarin lokaci, kuma kada a buɗe murfin kafin rabin awa.

Kukis, wato biskit mai zaƙi da ake gasawa a gida, ma na amfana sosai, musamman ga mai son su da laushi a tsakiya. Bota giram 225, sukari giram 200 wanda kashi uku cikin huɗu ja ne idan da hali, garin fudin kwali ɗaya, ƙwai biyu, fulawa giram 280, bekin soda cokalin shayi ɗaya, sai gutsattsarin cakulan ko soyayyar gyaɗa kofi biyu. A buga garin fudin tare da bota da sukari, ƙwai su biyo, fulawa a ƙarshe. A lokacin zafi a sa kwaɓin a firij rabin awa don kada ya baje a faranti. Minti 10 zuwa 12 a digiri 175 sun isa, kuma a fitar da su tun tsakiyarsu na nuna kamar da saura, zafin farantin zai ƙarasa su.

Akwai kuma hanyar da ke ceton kek ɗin da ya bushe. Bayan ya ɗan huce yana cikin gwangwaninsa, a huda shi ko'ina da ƙotar cokalin katako, tazarar yatsa biyu tsakanin rami da rami, a dama fudin na minti ɗaya kacal, a kwarara a kai tun yana ruwa-ruwa don ya gangara cikin ramukan, a ɗan bubbuga gwangwanin a tebur, a sa a firij awa biyu. Daga nan kek ɗin ya zama na firij, ba a barinsa a waje.

Ajiya, da abin yi idan babu shi

Garin da ke shan ruwan sanyi yana shan danshin iska ma, saboda haka idan an buɗe ledar ba a ƙarar ba, musamman da damina, a juye sauran a kwalba mai murfi mai kamawa, in ba haka ba zai dunƙule. Damamme kuma a rufe shi a firij, a sha cikin kwana biyu zuwa uku.

Da yake kayan waje ne, yana da tsada kuma ba kullum ake samunsa ba. A kek da kukis ana iya kusantar aikinsa da kastad cokali uku, sukari cokali biyar da madarar gari cokali biyu a madadin kwali ɗaya, tunda zafin oben zai dafa ɗanyen sitacin. Za a samu laushi da launi da ƙamshi, ko da yake danshin ba zai daɗe kamar na ainihin ba. A bugaggen kirim kuwa kastad ba zai yi ba sam, gari-gari zai bari a harshe. Don fudin ɗin ayaba da cika cikin donot, sai a koma ga wuta: a dama kastad giram 40 da sukari giram 60 da ɗan madara mai sanyi, a tafasa sauran madarar rabin lita, a zuba a kai ana juyawa, a mayar tukunya a kan wuta kaɗan ana gaurayawa har ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya, a sauke a jefa bota cokali ɗaya. A juye a kwano, a manna leda mai tsabta a saman kastad ɗin kai tsaye don kada ya yi fata, a bar shi ya huce sannan ya yi sanyi sosai a firij, a buga shi ya yi santsi kafin a haɗa da kirim.